Ranar da Na Sa Aka Niƙa Minu

Assalamu alaikum, masu wannan mujalla da masu karanta ta. Ni dai ban yi boko ba, a allo ma ban wuce abin da zan yi salla da shi ba. Malamar makarantar Arabiyya da ke haya a gidanmu ita ke riƙe da biro, ni ke faɗa tana rubutawa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana don ta yi daɗi. Abin da zan ba ku labari ya faru ne shekara biyu bayan annobar nan da ta sa aka kulle Kumasi, aka rufe masallatai, muka yi azumi ba asham a jam'i. Shekara guda ke nan cif da rasuwar 'yata ta uku. Daminar ce kuma da rafin unguwarmu Aboabo ya cika ya tumbatsa har ya kwashe mana katangar bayan gida. Duk wanda ya zauna a unguwarmu a lokacin zai gane shekarar da nake nufi.

A wancan lokaci ni mace ce da ba a ja da ita. Tun ina budurwa nake tsince goro a kasuwar Alabar, har gashina ya yi fari a kan buhu. Ubana fatake ne suka zo da shi daga arewa yana yaro, uwata kuma haifaffiyar Zango ce, unguwar baƙi 'yan arewa, a hannunta na koyi sana'ar. Idan an sauke goro daga ƙauyukan Tonawa, wato 'yan ƙasar nan, aka baje shi a kan jiƙaƙƙen buhu, ni ake kira. Manya, wato marsa, su tafi hannun dama. Ƙanana da muke ce wa minu su tafi hagu. Wanda kuwa sankara ta shiga, wannan ƙwaron da ke cin goro ta ciki ya bar bayansa sumul, ko ban juya shi ba nakan gane shi, in cilla shi bayana ba tare da na waiwaya ba. Alhazawan da ke lodi zuwa Kano da Sakkwato ba sa yarda a ɗaure huhun goro sai hannuna ya bi ta kansa. Sukan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma idon nan nawa ne. Na ji daɗin wannan yabo fiye da yadda ya kamata. Doka ɗaya na riƙe duk rayuwata: mai lahani ba ya kwana cikin masu lafiya, a fitar da shi kafin ya ɓata saura.

Abin da ban lura ba shi ne, ban bar dokar nan a kasuwa ba, na taho da ita gida. Jikokina goma sha ɗaya, kuma kowa a gidan ya san wa ke dama wa ke hagu a wurina. Tsokar nama ta ɗan babban ɗana ce, wani saurayi mai faɗin ƙirji da ke buga ƙwallo, wanda tun yana goye nake masa kirari. A can ƙarshen hagu kuwa akwai 'yar marigayiya 'yata. An haife ta da sikila, 'yar firit, idanu rawaya-rawaya, wata biyu a gida sati guda a asibiti. Ranar sunanta da aka miƙo mini ita, na ɗaga ta da hannu ɗaya na ce wannan ai minu ce, ko cikon mudu ba za ta yi ba. Mata suka yi dariya, sunan ya bi ta. Ban taɓa ganin laifina ba, don tsakanin kaka da jika wasa ne, kowa ya sani. Uwarta ce kawai takan ce mini, cikin ladabi, kanta a ƙasa, Mma, minu ma ai goro ne. Ni kuma in ce goron marasa hali ba.

Lokacin kullen nan ne uwarta ta saka mata wani wasa a waya, don ta rage zafin kwanciya. Wasan dodanni ne. Akwai daji a cikin wayar, mutum ya shiga ya kamo halittu iri-iri, na wuta, na ruwa, na dutse, na ganye, na tsawa, ya ajiye su a garke ya yi ta kiwo. Idan za a yi faɗa sai ya zaɓi biyar su fita, su kara da biyar na wani. Dodon farko da suka kama tare, ita da uwarta a kan gadon asibiti, wani ɗan abu ne mai kama da bushiya, ganye biyu a kansa, ƙafafu kamar tsinke. Wasan yana ba mutum dama ya raɗa wa dabbarsa suna, sai uwar ta rubuta masa Minu da hannunta. Da Allah ya karɓi ran uwar a wajen haihuwa, ita da jaririn, yarinyar ta dawo ɗakina da jakar kaya ɗaya da wayar nan. Shekarunta goma sha biyu. Ubanta direban babbar mota ne, kullum yana hanya.

Ba zan ɓoye ba, shekarar da ta yi a ɗakina ita ce mafi daɗi da na yi tun da gwiwa ta hana ni zuwa Alabar. Da hantsi, idan gida ya watse, sai ta matso kusa da ni a kan tabarma da wayar. Da farko na ce mata ta kawar mini da aljanun nan. Sai ta ce, Kaka, ke da kike cika bakin ido, duba mini biyun nan, wanne ya fi? Na duba don in kashe bakinta. Na ce wancan mai gajeren wuya, tsayuwarsa ta mai jure duka ce, ɗayan kuwa ado ne kawai. Ta karanta lambobin da ke ƙarƙashinsu ta ƙyalƙyale da dariya, wai wallahi na canka. Daga ranar na shiga. Ita ke karanta mini rubutu, ni ke riƙewa a ka. Kafin wata uku na san na ruwa yana kashe na wuta, na ganye yana shanye na ruwa, na dutse ba ya jin tsawa. Na gane ba a tara masu ƙarfi iri ɗaya, sai an sa mai tare duka a gaba, mai sauri a baya, kamar yadda ake jera goro a huhu. Garkenta ya fi na kowa a unguwar, don ita ke da lokacin kiwo, sauran yara suna makaranta da ƙwallo ita tana kwance. Amma kullum sai ta buɗe Minu ta shafa shi da yatsa kafin ta yi komai. Bai taɓa cin faɗa ko ɗaya ba. Nakan ce mata wannan cima-zaune ne, ta ce ai ba don faɗa take kiwonsa ba.

Labari ya fita cewa akwai wata tsohuwa a Aboabo da ba ta san harafi ba amma tana zaɓen dodanni. Samari suka fara sallama a ƙofar ɗakina, su durƙusa, su miƙo waya da hannu biyu, Kaka a duba mana. Ku sani, shekara biyar ke nan da na bar kasuwa, ba wanda ya nemi idona a kan komai. Sai ga shi an dawo ana layi. Kaina ya kumbura har ɗankwali ya yi mini kaɗan. Ana cikin haka samarin unguwar Moshi Zango suka aiko wa namu da saƙo, wai su zo a gwada, wai 'yan Aboabo ba su da abin tinƙaho sai kakarsu, ita ma ƙila ido ya fara hazo. Jikana mai ƙwallo ne ya kawo mini maganar, yana huci. Na ce ya gaya musu su zo ran Asabar bayan la'asar, su taho da wanda zai goge musu hawaye. Ba kuɗi aka sa ba, ba komai ba, suna ne kawai. Aka shirya cewa da garken yarinyar za a fita, shi kuma ya riƙe wayar don yatsunsa sun fi sauri. Ta yarda da murna. Ta kwana biyu tana cewa garkenta ne zai kare Aboabo.

Ran Asabar suka zo, sun kai su goma sha biyar, namu ma suka cika tsakar gida. Matan haya suka bar wanki, mai aski na bakin titi ya rufe shago ya shigo. Aka shimfiɗa mini darduma a ƙarƙashin rumfa, na sa mayafina na Makka. Kafin a fara, kowane ɓangare ya nuna biyar ɗinsa. Da na ga nasu na gane akwai aiki a gabanmu, amma ban nuna ba. Suna da wani ƙaton dodon tsawa mai fukafukai, wanda na san zai share huɗunmu kamar tsintsiya. Maganinsa ɗaya ne, namu na dutse, wani mai kama da ɓauna, amma saura masa taki ɗaya ya kai cikar girmansa, kuma in bai kai ba ba zai jure ba. Na tambayi jikana yadda za a yi. Ya sunkuyo ya ce mini a kunne akwai hanya. A wasan ana iya niƙa dodo a ciyar da wani da shi, kuma wanda ya fi daɗewa a garke shi ya fi ba da ƙarfi, don duk kiwon da aka yi masa yana taruwa a jikinsa. Ya ce an gwada lissafin sauran duka, ba za su kai ba, guda ɗaya ne zai kai. Bai faɗi sunan ba. Ya dai kalli ƙanwarsa ya kawar da kai. Na tambaye shi ko wanda aka niƙa yana dawowa, ya ce har abada.

Allah ya sani, ko daƙiƙa ɗaya ban yi tunani ba. Na ɗaga murya na ce a niƙa Minu. Yarinyar tana zaune a gefen ƙafata, ta ɗago kamar an watsa mata ruwa. Ta ce Kaka a'a, a ɗauki kowanne, a ɗauki goma, ban da shi. Na ce goma ba za su yi ba. Ta ce to a bari mu faɗi, ai wasa ne. Kalmar nan ta a bari mu faɗi ita ta tunzura ni, ga 'yan Moshi Zango sun fara ƙus-ƙus, ɗaya daga cikinsu har yana cewa ashe kakar ma ba a jin maganarta a gida. Yarinyar ta matso ta riƙe bakin zanena, ta yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji, ta ce Mmanta ce ta rubuta sunan, duk saƙonnin uwar sun goge lokacin da wayar ta lalace aka gyara, wannan ne kawai rubutun hannunta da ya rage. Na ji ta sarai. Ba zan ce ban ji ba. Na fizge zanena na ce uwarta tana kabari, addu'a take bukata ba bushiya ba.

Jikana ya ce shi dai ba zai iya dannawa ba, a bar maganar. Nan ne na yi abin da ya fi komai muni. Na karɓi wayar daga hannunsa na ɗora a cinyarta, na ce ita za ta danna da yatsanta, don ta koyi yadda duniya take tun yanzu. Na juya ga jama'a kamar ina wa'azi, na ce shekara hamsin ina tsince goro, ban taɓa ganin minu ya zama marsa ba, kuma abin da aka haifa da sankara a ciki ba a ɓata masa ganyen ɗauri, amfaninsa ɗaya ne, ya ba masu lafiya wuri. Matar da ke haya a ɗakin ƙofa ta ce haba Hajiya, na ce ta rufe mini baki, jikata ce. Yarinyar ta daɗe tana kallon wayar. Ɗan abin yana ta tsalle yana kaɗa ganyen kansa, yadda yake yi duk lokacin da aka buɗe shi. Wayar ta tambaya sau biyu ko an tabbata. Sau biyu ta kalle ni, sau biyu na ce danna. Ta danna. Ya narke ya zama ɗan haske, ya shige bakin ɓaunan, ɓaunan ya yi girma ya fito da sababbin ƙahoni. Samarinmu suka yi ihu.

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka ƙila da na farka. Sai da ihun ya lafa ta tambaye ni, a hankali, a gaban kowa, ta ce to Kaka, ita fa, wa za a ciyar da ita? Allah ya ba ni dama a wannan lokaci, ƙofa a buɗe, in jawo ta jikina in ce na tuba. Amma ni mai baki ce, ban saba a bar ni da magana a ƙasa ba, ga baƙi suna kallo. Na yi dariya na ce wa zai ci ki, ƙashi da rai, ko dodon dutsen nan aka ba shi ke sai ya tofar. Aka fashe da dariya, har 'yan Moshi Zango. Na ji daɗin dariyar nan, in gaya muku gaskiya. Ta tashi ta miƙa wa yayanta wayar ta shiga ɗaki. Aka yi faɗa, ɓaunanmu ya tsaya kamar katanga, tsawa ta yi ta sauka a kansa ko gezau, ya tattake nasu ɗaya bayan ɗaya. Muka ci. Samari suka yi ta rera mini kirari har bakin titi, mai aski ya ce daga yau duk jikokina aski kyauta. Da na shiga ɗaki na same ta tana ninke kayan wanki. Na ce ba ki ji mun ci ba? Ta ce ta ji, barka.

Daga ranar ba ta sake taɓa wayar ba, ta bar wa yayanta. Ba ta yi mini rashin kunya ba, ba ta ƙi aike ba. Abin da ta yi ya fi wannan. Ta zama mai ƙarfi da ƙarfin tsiya. Yarinyar da ba a bari ta ɗauki ko buta cike, sai ga ta da bokiti a ka daga famfon unguwa, sawu biyar, sawu shida, cikin yayyafi. Ta karɓe sharar tsakar gida, ta karɓe dakan sakwara daga hannun matan gida. Idan an ce ta huta sai ta ce lafiyarta ƙalau. Da, in ciwo zai taso, ni take fara gaya wa, in dafa ruwa in gasa mata gaɓoɓi, in aika a kira mota. Yanzu shiru. Ni kuwa, don ku ga iyakar wautata, sai na shiga yi wa mata alfahari, ina cewa kun gani, maganata ce ta warkar da ita, da ma shagwaɓa ce ta yi mata yawa. Na ga tana ɗan ɗingishi, na tambaya sau ɗaya, ta ce tuntuɓe ta yi, na bar maganar. Ni da ke gane sankara a cikin goro ba tare da na juya shi ba, yarinya tana kwana a ɗakina, tana cizon zane don kada in ji nishinta, kusan wata biyu ban gani ba.

Wata safiya ta faɗi da bokiti a bakin famfo, ta kasa tashi. Mata suka ɗauko ta a zane. A asibiti, bayan an ɗauki hoto, likita ta kira mu, ni da ƙanwar ubanta da ke aure a Moshi Zango. Likitar ta ce jini ya daina kai wa kan ƙashin cinyar, abin da kan faru ga masu sikila, amma da an kawo ta tun farkon ciwon aka hana ta taka ƙafar da kaya, da an ceci abu mai yawa. Yanzu ƙashin ya murƙushe. Ta tambaya cikin faɗa wane ne ya bar yarinya mai wannan ciwo tana ɗaukar ruwa, kuma me ya hana ta faɗa. Da gwaggon ta matsa mata a ɗakin jinya, ina tsaye a bayan labule, na ji da kunnena abin da ta ce. Ta ce ba ta so Kaka ta san sankarar ta yi yawa, kada a cilla ta baya.

Gwaggon ba ta zage ni ba, ko da yake na so ta zaga. Ranar da aka sallame su ta zo da mota har ƙofar gida, ta shiga ɗakina ta tattara kayan yarinyar a jakar nan guda ɗaya. Na ce ina za a kai mini jika ba shawara? Ta durƙusa yadda ake durƙusa wa babba, ta ce Hajiya ki yi haƙuri, su gidansu ba a tsince mutane, duk abin da Allah ya ba su tare suke ɗaurewa. Ta tashi ta fita. Na biyo ta har bakin titi ba takalmi. Yarinyar tana kujerar baya, sanduna biyu a gefenta, ba ta juyo ba.

Na yi ƙoƙarin gyarawa, irin gyaran marasa hankali. Na sa jikana ya shiga dajin wayar ya nemo mini irin wannan bushiyar. Ashe ba wuyar samu gare ta ba, ko'ina akwai ta, kafin azahar ya kamo. Na sa ya rubuta mata Minu. Na yi wanka na sa turare, na hau mota zuwa Moshi Zango da wayar a ƙulle a bakin mayafi da ƙullin marsa masu kyau don gwaggon. Na sami yarinyar a zaune a baranda tana bitar karatu. Na buɗe na nuna mata, na ce ga shi na dawo mata da abinta. Ta duba, ta daɗe tana dubawa. Sai ta ce ta gode, amma wannan yayanta ne ya rubuta. Na ce ai iri ɗaya ne, kama ɗaya, suna ɗaya. Ta ce e, ta san a wurina duk minu ɗaya ne. Ta miƙo mini wayar da hannu biyu, ta ce a gaida mutanen gida, Hajiya. Hajiya ta ce. Tun da ta fara magana a duniya Kaka take ce mini, ko tana cikin zafin ciwo. Na dawo gida ban san ta inda na bi ba.

Na daɗe ina kare kaina a zuci. Na ce ai wasa ne, wasan kaka da jika, haka kakata ta yi mini, ta kira ni mummuna ta kira ni ragguwa ban mutu ba. Sai daga baya na gane bambancin. Kakata tana zagina da abin da ba ni da shi, shi ya sa muke dariya tare. Ni kuwa na zagi yarinyar nan da abin da take kwana tana tashi da shi, abin da take tsoro tun da ta yi wayo, kuma na yi shi a gaban baƙi don a tafa mini. Wannan ba wasa ba ne, yanka ne da wuƙar da aka shafa wa man shanu. Kuma ba ranar Asabar ɗin na fara ba, tun ranar suna na fara, Asabar ɗin ƙarasawa ce kawai. Don haka ina kira ga tsofaffi 'yan'uwana, musamman mu da Allah ya ba kaifin harshe ake yaba mana: ku duba wanda ba ya dariya idan kuna ba da dariya. Abin da yaro ya riƙe da hannu biyu, ko tsinke ne, ko zane ne a cikin waya, ku tambayi dalili kafin ku ce ba shi da amfani, in kuma ya gaya muku dalilin, ku ji. Idon da ya iya zaɓen kaya a kasuwa, a bar shi a kasuwa. Goro ake tsincewa, shi ma don za a sayar da shi ne.

Yau shekara uku ke nan. Cikin mu tara da muka yi zaman tsince goro a rumfa ɗaya a Alabar, saura mu biyu, ni da wata ƙawata da ido ya rufe, tana hannun 'ya'yanta. Alhazawan da ke yabon idona duk sun riga mu gidan gaskiya. Mai askin ya rasu bara, matar ɗakin ƙofa da ta ce haba Hajiya ta koma garinsu. Jikana mai ƙwallo yana Ankara, babban birnin ƙasarmu, yana aiki, na tambaye shi labarin ɓaunan nan da ya zo hutun salla, sai da ya yi tunani kafin ya tuna, ya ce ai ko wata biyu ba a yi ba suka daina wasan, wani sabo ya fito. Yarinyar tana nan da ranta, alhamdulillahi, ta kusa gama sakandare, tana tafiya da sanda ɗaya. Duk salla gwaggonta takan kawo ta gaisuwa, don an yi mata tarbiyya. Takan tsaya a bakin ƙofa, ba ta hawa tabarmar, ta ce ina kwana Hajiya, an yi salla lafiya. Ni kuma ina nan, idona garau, har yanzu ko zare ina iya zurawa a allura. Ina ganin komai, har da inda take tsayawa.